Yatsan Mai Tsire

A bayan kasuwar Canaan, can ƙasar Chana, Zalika 'yar Maraɗi tana jiran tsire wurin wani dattijo ɗan Chana mai farar hula, tafin hannunsa duk kanta. Talabijin ɗin shagon yana nuna kyarketan da aka mayar daji, daf da makiyaya. Sai dattijon ya saki mafici, ya ɗaga yatsa yana ƙirga iska. Ta san wannan ƙirgar. Haka babanta yake yi a bakin garke duk safiyar da aka kwana da kukan kura. Ko a hannun wa dattijon nan ya baro tumakinsa?

Nama ya soma ƙonewa.

"Laoban," ta ce a hankali, yadda ake kiran mai shago a nan, "sun cika?"

Ba ya jin Hausa, amma ya sauke yatsan, ya ƙara mata tsinke ɗaya.