Takalman da Na Saya wa Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, makaɗin molo ne, amma ba irin na biki ba. Bai taɓa bin ango ba, bai taɓa wasa mai kuɗi ba. Gero yake nomawa a wani ƙauye kusa da Deule. Ran Juma'a bayan la'asar sai abokansa biyu su zo zaurensa: wani dogon makiyayi mai busa sarewa, da wani tsoho mai kaɗa ƙwarya wanda kunnensa ya yi nauyi tun ina ƙarami. Su zauna kan tabarma ɗaya, gwiwa na taɓa gwiwa, su yi ta yi har a kira magariba. Zauren ɗan ƙarami ne. Wanda ya samu wuri ya zauna, wanda ya yi tari a harare shi.

Na tashi ina jin kiɗan nan kamar yadda nake jin dakan mata, ban ɗauke shi bakin komai ba. Sai da na zama malamin lakkwal, wato makarantar boko, a Madawa, wani abokin aikina da ya yi karatu a ƙasar Turawa ya kunna mini wani kiɗa a wayarsa, na goge huɗu, manya da ƙanana. Ya ce sunansa kiɗan ɗaki. Can da, in ji shi, a ɗakunan masu hali ake yin sa, mutum uku ko huɗu, babu shugaban da ke tsaye gabansu yana kaɗa sanda, kowa na sauraren ɗan'uwansa kamar masu hira. Daga baya aka fito da shi manyan wurare, mutane na sa kwat su je su zauna shiru. Na ce, kai, ai wannan Kawu ne! Amma duk bayanin nan, kwat da babban wuri kawai suka shiga kaina. Zancen hirar ta bayan kunnena ya bi.

Da aka shirya bikin al'adu a Madawa na sa aka rubuta su, sannan na je na gaya masa.

Ya ce, "Ɗana, wanga kiɗi na ɗaki na. In ya hita waje ba shi gane hanya."

Na ce, "Kawu, kun tsufa. Babu ko ɗaya cikin 'ya'yanku da ya koya. Can za a ɗauka a ajiye, ko bayan ranku a ji."

Nan ne ke masa ciwo, ni ma na sani, shi ya sa na taɓa wurin. Shi ya lallashi abokansa. Makiyayin ya fi taurin kai, ya ce shi bai iya busa gaban taro ba, amma ya biyo Kawu saboda amana.

Ni kuwa na shiga shiri irin na mai ilimi. Na ce ba za a ga kawuna gaban manyan gari da faso a waje ba. Na je kasuwa na sayo musu takalma sau-ciki, baƙaƙe, masu igiya, suna ƙyalli. Kawu ya juya nasa a hannu ya ce, "Mi za ni yi da wanga?" Na ce haka ake yi a duniya. Da kaina na durƙusa na ɗaure masa igiyar, na ja ta tamau don kada ya ba ni kunya.

A wurin bikin an jera musu kujerun roba uku a kan dandamali, kowace nesa da 'yar'uwarta, kowa da makirufonsa, duka suna fuskantar jama'a kamar masu jiran allura. Kafin nan manya sun yi ta jawabi a kan raya al'adun gargajiya, har rana ta karkata. Wanda ya fi kowa kukan al'ada na mutuwa, yana gama nasa ya shiga mota ya tafi.

Suka fara. Da farko lafiya lau, har ina waige-waige don a san ni na kawo su. Can Kawu ya juya kiɗan, sarewa kuwa ta ci gaba da bin tsohuwar hanya, ƙwarya ta kama wata ta uku. Na dubi makiyayin, sai na ga ba jama'a yake kallo ba, idonsa na kan takalmin Kawu. Mai ƙwarya kuma yana ta miƙa gwiwarsa gefe, yana laluben iska.

Nan na gane abin da na shekara talatin ina gani ban gani ba. Babban yatsan ƙafar Kawu shi ne sandan shugaban. In zai juya kiɗa sai ya ɗaga shi, mai sarewa ya gani ya bi. Kurman kuwa ba da kunne yake jin molo ba, ta gwiwar Kawu yake jin sa. Ni, mai karatu, na rufe wa ɗaya ido da fatar kanti, na raba ɗayan da kunnensa da kujerar roba.

Kawu ya shiga tura takalmin da ɗayar ƙafar yana son ya cire, hannunsa na kan molo. Ina! Ai ni na ɗaure shi. Makirufo ya yi wata ƙara, wani ya ce tsoho na fama da kunama, wuri ya ɗauki dariya. Mai gabatarwa ya yi maza ya ce a tafa wa iyayenmu da suka yi ƙoƙari. Aka kawo samari da piyano mai batir, kowa ya tashi rawa.

Muka kama motar komawa gida. Da muka sauka Kawu ya miƙo mini takalman ya ce, "Amshi, ka kai ma wanda ƙahwatai ba ta da aiki."

Juma'ar da ta biyo makiyayin bai zo ba. Ya aiko cewa jikokinsa ma sun gani a waya, suna kwaikwayonsa. Da damina ya bi shanunsa arewa, can Allah Ya karɓi abinsa. Mai ƙwarya ya zo sau biyu, suka zauna su biyu, abin bai yi ba. Molo yana nan rataye a zaure, bisa buhunan dawa.

Alkawarina dai na cika, an ɗauka an ajiye. Kiɗansu ɗaya tak da ya rage a duniya shi ne na ranar, yana yawo a wayoyin mutane da hoton fuska mai dariya. Har yau in na tuna sai in ji na tsani kaina.

Bara na je gaida Kawu, ya ce in kunna masa kiɗan, yana son ya ji sarewar abokinsa. Na so in ce wayar ba ta da caji, ban iya ba. Ya riƙe ta kusa da kunne, ido a rufe, ƙafarsa a miƙe kan tabarma babu takalmi. Daidai wurin da ya kamata a juya kiɗan, na ga babban yatsan ya ɗaga. Ni kaɗai ne tare da shi a zauren.