Jirgin da Ya Miƙe Tsaye

Jikana a hannuna ya tashi. Ubansa, ɗana na biyu, ya rasu yaron bai kai yaye ba, uwar ta yi wani auren, aka bar mini shi a gidanmu na Jekadafari. Na goya shi, na raine shi, amma yana tasawa titi ya ƙwace mini shi. Ya shiga 'yan kalare, 'yan daban garinmu. Ya riƙa shigowa ido jajir, riga da jini, ban san nasa ba ne ko na ɗan wani.

Ana nan, ana nan, wata la'asar a lokacin siyasa aka turo mini shi cikin baro kamar buhun masara. Sara a ka, sara a kafaɗa, kunne ɗaya na reto. Muna wanke jinin a tsakar gida wata mata ta tsaya a ƙofa tana tsine mana, domin shi ma a ranar ya karya wa ɗanta hannu. Gaskiya gare ta. Wata biyu ya yi a kwance. Ni kuwa abu ɗaya na riƙa roƙon Allah, kada yaron nan ya sake ɗaukar ƙarfe a kan mutum.

Da ya miƙe, wani Batangale mai gyaran waya, abokin marigayi ubansa, ya ɗauke shi aiki a shagonsa. Shi ne ya ba shi wani kwali da ya saya wa ɗansa, ɗan ya kasa haƙuri da shi. A jikin kwalin an zana jirgin yaƙi fari. Da aka buɗe kuwa babu jirgi, sai faya-fayan roba siri-siri, kowanne da 'yan gutsattsari a manne kamar ganye a jikin reshe, wani bai kai ƙwayar gero ba. Da wata takarda da rubutun mutanen Japan. Na ce ya karanta mini, ya yi dariya.

"Tsohuwa, yau dai ni da ke duk ɗaya. Hoto kawai zan bi."

Kullum ya dawo daga shago sai ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya tun da sauran haske. Ya cire gutsure da abin yankan farce, ya kankare bakinsa da reza, ya ɗauka da hantsakin gyaran waya, ya haɗa shi da ɗan'uwansa har ya ce ƙas. Akwai 'yan tambura da sai ya jiƙa su a murfin kwano, su sulluɓe daga takarda, ya ɗora su yana riƙe da numfashi. Mutumin da a da ko tuwo ba ya iya zama ya cinye, sai ga shi a wuri ɗaya har magariba.

Nakan ce, "Maigida, ka zauna kana wasan 'yar tsana, wa zai kawo mini cefane?"

Shi kuma ya ce, "Amarya, matsa can, za ki taka mini fiffike."

Ranar da ya gama ya kira ni in gani. Jirgi ne sak. Sai ya ja nan, ya murɗa can, ƙafafu biyu suka sauko, ya zama kamar zalɓe a bakin ruwa. Ya ƙara lanƙwasa hancin, hannaye suka fito, kai ya ɓullo, ga mutum a tsaye da bindiga. Na yi salati. Ya nuna mini fim ɗinsu na katun a waya, yadda suke rikiɗa a sararin sama ana ta harbi. Ni da na shekara sittin ina ba yara labarin masu rikiɗa, ban taɓa ganin abin ya faru a gabana ba sai ran nan.

To, akwai ɗana na fari, bappan yaron, ma'aikacin gwamnati ne, shi ke riƙe da gidan ko da yake a Bagadaza yake zaune. Mu a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama su yi ta musayar magana, ba ta yin abin da zai sa ya ga wautarta. Haka na taso, haka na riƙe. Tun da aka sari yaron, duk Juma'a bayan masallaci bappan kan zo ya shiga ɗakinsa, ya ɗaga katifa, ya shinshina kwalabe, ko zai ga ƙwaya ko makami. Da ya ga hoton da ke bayan kwalin, inda jirgin ya rikiɗe mutum, sai ya yanke hukunci.

"Jirgi dai jirgi ne, kamar mota. Amma ranar da na gan shi da kai da hannaye, gunki ne. Ba za a kori mala'iku daga gidan ubana ba. Ka ji ni?"

"Na ji, Bappa. Wallahi a jirgi zai zauna."

Kuma ya cika alkawari. A jirgi ya zauna bisa tebur.

Wata Juma'a da hantsi na shiga share masa ɗaki. Na ajiye tsintsiya, na ɗauki jirgin, ba shi da nauyi ko kaɗan. Zuciyata ta ce in ga zalɓen nan sau ɗaya kawai, in mayar. Na ja inda na ga yana ja, ƙafafu suka sauko. Na tura su koma, suka ƙi. Na murɗa wani wuri, hannu ya fito. Na danna hancin, kai ya ɓullo yana kallona. Na zauna a bakin katifa ina ta fama, gumi na zuba, duk inda na taɓa sai abin ya ƙara zama mutum. Har aka kira salla. Sai na yi wautar da ta fi ta farko, na tusa shi a bayan katifa, na ce in yaron ya dawo na raɗa masa.

Tare suka shigo daga masallaci, bappan a gaba. Ya gaishe ni daga nesa kamar kullum, ya wuce ɗakin. Na ji ƙarar jan katifa. Ya fito tsakar gida da abin a hannu, ya ɗaga shi sama.

"Ɓoye mini ka yi? Bayan ka rantse da Allah?"

Yaron ya dubi abin, ya dubi tsintsiyar da na manta a bakin ƙofarsa, ya dube ni. Ya gane. Jira yake in yi magana. Ni kuwa na sunkuyar da kai. Ta yaya zan buɗe baki a gaban ɗan farina in ce ni, da furfurata, na zauna ina wasa da abin roba? Na ce a raina faɗa zai yi ya wuce.

Bai wuce ba. Ya kama kan abin ya murɗe shi, ya jefar. Ya doka sauran da ƙasa, ya sa takalmi ya bi ta kai, ya murje, ya sake murjewa, ina jin robar tana ƙara kamar ana taka busasshen kara. Aikin wata biyu.

Yaron ya ce, "Bappa, ya isa."

"Ni kake ce wa ya isa?"

Ya ɗauke shi da mari, ya ƙara masa, ya ƙara. Ya zare bel ya shiga zuba masa ta wajen ƙarfen. Yaron na tsaye, hannaye a baya. Ƙarfen ya sami tsohon saran nan na ka, tabon ya buɗe, jini ya gangaro masa cikin ido.

Bappan ya ce, "Ɗan iska! A baro aka kawo ka, a baro za a kwashe ka!"

Na ga fuskar yaron ta koma wadda na sani a da. Ya juya, ya taka zuwa akurkin kaji, ya zura hannu ƙarƙashin kwanon rufin, ya zaro adda. Shekara guda tana nan, babu wanda ya sani. Saran farko ya sami randa, ta dare, ruwa ya malale tsakar gida. Bappan ya ja da baya, santsi ya kwashe shi, ya faɗi. Sara na biyu ya tsarge masa hannun babbar riga, ya yanki dantse. Kaji na ta tsalle, maƙwabta na dukan ƙofa. Yaron ya ɗaga na uku, daidai wuya.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na dai ga hannuna a kan bakin addar, na damƙe. Ta shiga tafina har ƙashi. Ban ji zafi ba sai sanyi. Muka tsaya haka, yana riƙe da ƙota, ina riƙe da kaifi, jinina na bin ƙarfen yana sauka a hannunsa.

A nan na kira sunan ɗan farina, da ƙarfi, sunan da bakina bai furta ba tun ranar da aka raɗa masa shi. Na ce, "Ni ce. Ni na buɗe shi, na kasa rufewa, na ɓoye. Yaron nan bai karya rantsuwa ba."

Ya dube ni daga ƙasa, cikin taɓo, kamar bai san ni ba. Yaron ya saki addar, ya cire rigarsa ya ɗaure mini hannu, ya saɓa ni a baya har bakin titi. Muka shiga keke napep sai asibiti. An yi mini ɗinki, amma yatsu biyu sun tafi ke nan, ba sa lanƙwashewa har yau.

Washegari bappan ya aiko cewa wanda ya zare masa makami ba zai ƙara kwana a gidan ba. Ban yi musu ba, ta nan shi ma yana da gaskiya. Yaron ya ɗaure kayansa a buhu ya fita. Kwana tara ban ji ɗuriyarsa ba. Duk ihun da na ji a titi sai in fita ba mayafi. Tsofaffin abokansa sun zo ƙofar gida sau biyu, suna cewa in an taɓa nasu su nuna wa mutum iyakarsa, na kore su da hannu a naɗe.

Rana ta goma ya yi sallama. Ashe a Herwagana yake, maigidansa ya ba shi ɗaki a bayan shago. Idonsa fari tas. Ya zauna a ƙasa, ya kwance mini bandeji, ya wanke ciwon da ruwan gishiri a hankali. Na tambaye shi ko ya ga tsofaffin abokan nan nasa. Ya ce sun same shi, ya ce musu aiki ya yi masa yawa.

Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Tsohuwa, da kin faɗa tun a marin farko."

Na ce, "Da na faɗa."

Ya ɗaure bandejin, ya duba agogo, ya ce akwai wayoyin mutane da ke jiransa. Na raka shi har zaure. Ya ce jibi zai dawo wankin ciwon, in daina sa hannun a ruwa.