Tsoho da dinya a kasuwar Karaye

Daga inda Kande take tuyar ƙosai a kasuwar Karaye, tana hango wani tsoho da ba ta sani ba, zaune a gindin darbejiya. Ya rungume dinya a cinyarsa, ya ɗaure mata karyayyen fiffike da jelar rawaninsa. Ƙafar wandonsa duk busasshen taɓo ce. Kande ta ce a ranta wannan masunci ne daga bakin dam, wataƙila ma tarunsa ne ya yi ɓarnar.

Duk wanda ya zo wucewa sai ya taya, tsohon yana girgiza kai. Wurin mai ɗori ya kawo ta, shi kuwa mai ɗori ya duba ya ce ƙashin tsuntsu kamar sillen kara yake, ba ya ɗoruwa.

Wani mahauci ya tsaya a kansa. "Baba, yanka ta tun da sauran numfashi, kada ta zama mushe a hannunka."

Tsohon ya shafa aljihun da wuƙarsa take, sai ya mayar da hannun kan dogon wuyanta yana lallashi.

Kande ta kai ruwa a murfin kwano. Dinyar ko kallonsa ba ta yi ba.

"To Baba, yanzu yaya za ka yi da ita?"

"Wallahi ban sani ba, 'yar nan," in ji shi. "Da ita kaɗai ce, da tuni na yanka. Namijin yana can bakin ruwa, tun jiya yake kira."