Ruwan da Odile Ta Miƙa wa Baba Aimé

Hekta goma sha huɗu ne tafkin Odile Morandat, kuma idan ka ce sha biyar don ka faranta mata rai, nan take za ta gyara maka. Shekarunta hamsin da takwas, ashirin da shida daga ciki ta yi su tana riƙe da wannan tafki, na uku a jerin tafkuna huɗu da suka gangaro ɗaya bayan ɗaya daga bakin dajin ƙauyenmu, a nan Dombes. Kifin karp take kiwo. A shekara mai albarka takan fitar da tan biyar, a mai rowa uku da rabi, kuma ba a taɓa jin ta ɗora wa sama laifi ba.

Mahaifinta Lucien ɗa namiji ya so, Allah Ya ba shi mata uku. Biyu suka tsere Lyon da gama makaranta. Ita ma Odile ta taɓa gwadawa, ta yi shekara tara tana naɗe cuku a wani kamfani, har ranar da tsohon ya zame a kan madatsa ya karye a ƙugu. Ta dawo gida da niyyar wata biyu. Akwatin da ta zo da shi har yau yana saman kabad, kaji ma sun taɓa ƙyanƙyasa a ciki.

Aikinta a jere yake, ba ta tsallake ko ɗaya. A watan Maris ta watsa farar ƙasa don ruwa ya gyaru. A Afrilu ta zuba takin shanu, tuli bakwai a gefe-gefe, don ƙwarin da kifi ke ci su yawaita. A Yuni a shiga da jirgin yanka, wannan mai wuƙaƙe a goshi, a rage ciyawar ruwa kafin ta yi iri. Ramukan gafiyar ruwa kuwa kullum cikin toshe su take, tana zaginsu ɗaya-ɗaya kamar ta san sunayensu.

A shekarar da nake ba ku labari, tafkin da ke ƙarƙashin nata, na Baba Aimé Josserand, shi ne a bushe. Ya yi shekarunsa uku da ruwa, aka ba shi ta huɗu ya sha rana, aka nome gindinsa aka shuka masara, kamar yadda kowa ke yi. Da an girbe masarar, ruwan Odile yake jira. Mu ba mu da kogin da ke cika mana tafki. Abin da sama ta ba na tudu, shi yake miƙa wa na gangare idan zai kama kifinsa a ƙarshen shekara. Ga shi shekara biyu ke nan sama tana mana ƙwauro. Baba Aimé, mai shekara saba'in da shida, ya riga ya faɗa a gaban mutane cewa idan tafkinsa ya sake shekara babu ruwa, to ya haƙura, zai sayar wa wani manomi da ya daɗe yana zawarcin filin, tafki ya zama gona har abada.

Sai ga Yuli ta zo da haihuwa. 'Yar Odile ta sauka a Grenoble, uwa ta tafi ganin jika, ta bar tafki a hannun mijinta Norbert. Shi ma ɗan masu tafki ne, ba baƙon taɓo ba, illarsa ɗaya, hannunsa ba ya iya zama.

Ranar da ta dawo, tun ba ta sauke jaka ba ya tare ta yana washe baki.

"Uwargida, zo ki ga aiki. Kin bar mini tafki da gemu, na yi masa aski tas."

"Wane gemu kuma? Ai mun yi yanka a Yuni."

"Wata ce ta fito a kusurwar gabas, mai fure rawaya. Kyakkyawa da ita, har na so in tsinko miki. Sau biyu na bi ta kanta da jirgi, ko ƙyallinta babu."

Odile ta ajiye jakar a hankali. "Rawaya, ka ce? Maigida, ba dai jusi ka yanka ba?"

"Ciyawa ai ciyawa ce. Haka babana yake yi, haka naki."

"Babanka da nawa sun mutu ba su taɓa ganin wannan ba!"

Jusi baƙuwa ce a ƙasarmu, kuma ba ta jin maganin da muka gada. Duk wata ciyawar ruwa idan ka yanke ta ka huta. Ita kuwa guntunta ko bai kai ɗan yatsa ba, da ya faɗa ruwa sai ya yi saiwa. Wanda ya yanke ta, shuka ya yi. Odile ta shiga kwalekwale da kayan tafiyarta, ta zaga tafkin gaba ɗaya tana ƙirgawa. Inda da curi ɗaya ne, yanzu arba'in da uku. Bayan haka zafi ya ja ruwa baya, gansakuka ta shimfiɗe a kai kore shar, da safe sai ka ga karp sun taso sama suna hamma.

Labari ba ya kwana a ƙauyenmu. Washegari sai ga Baba Aimé a kan kekensa.

"'Yar Lucien, na ji an yi miki shuka kyauta."

"Sannu da zuwa, Baba. Shigo ka sha kofi."

"Ba kofi ya kawo ni ba. Ina wanzamin?"

Norbert yana bayan tarakta, ya dage da ɗaure wani noti da babu abin da ya same shi.

"To bari in faɗa miki a tsaye," in ji tsohon. "Ruwanki ba zai shiga tafkina ba. Idan lokaci ya yi ki sake shi ta lambatun gefe, ya tafi kogi."

"Kogin ma yana da masu shi, Baba. Tafkinka fa?"

"Gara ya mutu da ƙishirwa da in bar wa mutane annoba da sunana."

"Shekara ashirin da shida ina ba ka ruwa. Ka taɓa tsintar ko ganye a ciki?"

"Ban taɓa ba. Shi ya sa na zo da ƙafata, ban yi aike ba."

"To ka ba ni zuwa Nuwamba. Ranar da zan buɗe, ka zo da rariya ka zauna a bakin ƙofar tafkinka. In ka ga ko guntu ɗaya, kada ka buɗe."

Tsohon ya dube ta, ya dubi tafkin da ya yi kore, ya taɓe baki. "Taurin kan ubanki ne da ke. Allah Ya sa har da hannunsa." Ya hau kekensa.

Da ya tafi, Norbert ya fito yana goge hannu. Ya ce ya san wani mai magani a jarka, feshi ɗaya an gama.

"Doka ta hana," in ji Odile. "Ko ba ta hana ba, gubar ina za ta? Cikin kifin Baba Aimé, daga nan sai farantin mutane. A'a, maigida. Hannun da ya shuka shi zai cire. Ɗauko dogayen takalmanka."

Aka shiga aiki. Ba ta da damar rage ruwa, don ruwan ne abin da ake tattali, dole a bi ciyawar har inda take. Da farko ta kewaye kowane curi da raga mai yawo a kan ruwa, don abin da ya tsinke kada ya tsere. Sannan a durƙusa, a tura hannu cikin taɓo har kafaɗa, a lalubo saiwa, a jawo ta a hankali kamar mai zare ƙaya daga ƙafar yaro. Ba fizga, ba manjagara. Abin da aka ciro a zuba a tamfol cikin kwalekwale, a kai tudu nesa da kowane lambatu, a baza rana ta cinye shi. Gansakuka kuwa da farar ƙasa ta bi ta, buhu sittin, amma kashi uku ta raba su, domin idan ta mutu gaba ɗaya ta ruɓe, kifin ne zai rasa numfashi. A bakin ƙofar ruwa ta kafa ragar waya biyu, ɗaya a bayan ɗaya, ta biyun ko ƙwayar shinkafa ba za ta wuce ba.

Baro ɗari biyu da goma sha biyu suka tura zuwa tudu. Ban ƙara ko ɗaya ba. Matsattsaku suka yi biki a ƙafafun Norbert, ya riƙa cewa jininsa da ya rage bai isa sadaka ba.

"Ai ba sa taɓa ki," yakan ce. "Sun san naki da ɗaci."

"Yi aiki, mai fure. Ga wata can a bayanka tana yi maka dariya."

A ƙarshen Agusta curi arba'in da uku sun koma goma sha bakwai. Sai wasu shida suka sake tsirowa a inda aka riga aka share, Norbert ya zauna a gefen kwalekwale kamar zai yi kuka, ita kuwa ta ce shida ai ba arba'in ba ne. A Oktoba saura biyar. Daga nan babu. Ruwa ya washe har kana ganin bayan karp idan ya gifta. Duk da haka ta ci gaba da zagaye, tana leƙa ƙarƙashin kowane reshe. Hannayenta sun yi kaushi sun tsattsage, zobenta ma ya daina shiga.

Ranar buɗewa da sanyi ta zo, raɓa ta daskare a kan ciyawa. Tsakanin tafkunan biyu akwai lambatu mai tsawon mita ɗari uku. A can ƙarshensa Baba Aimé ya kafa kujerarsa a bakin ƙofarsa da ke rufe, da rariyar kicin ɗaure a kan sanda. Odile ta ɗaga tata ƙofar kaɗan, ruwa ya fara bin lambatu. Ta tsuguna a kan ragar farko tana kallo.

Ba a daɗe ba sai ga su. Guntaye biyu, kowanne da 'yar farar saiwarsa, sun manne a waya.

Norbert ya leƙo ta kafaɗarta, ya rage murya. "Raga ta kama, ai aikinta ke nan. Saka a aljihu mu ci gaba. Tsohon ko da tabarau ba zai hango ba."

Odile ta miƙe ta saukar da ƙofa, ruwa ya tsaya. Ta bi gefen lambatu da abin a tafin hannunta har gaban kujerar tsohon.

"Lafiya kika rufe?"

"Biyu, Baba. A ragar farko. Ta biyun ba komai, rariyarka ma ba za ta ga komai ba. Amma inda 'ya'ya suka fito, uwa tana nan."

Baba Aimé ya karɓa, ya juya su a hannu. "Kin san abin da na ce miki a Yuli."

"Na sani. Ka ce ba ka so, ni ma ban ce ka karɓa ba. Zan je in nemo ta."

Ta koma. Wuri ɗaya ne kwalekwale bai taɓa shiga ba, ƙarƙashin saiwoyin wata tsohuwar bishiya da ta sunkuya a kan ruwa dab da ƙofa. Odile ta shiga har ƙirji. Sanyin ya ɗauke mata numfashi, haƙora suka fara kaɗawa, ta ci gaba da lalube. Da ta ɗago kai, sai ta ga ba Norbert kaɗai ke riƙe da tamfol ba. Tsohon ya baro kujerarsa, ya kama ɗaya gefen.

"Hagunki, 'yar nan, hagunki! Kai kuma riƙe da kyau, ka tsaya kamar an dasa ka!"

A can ta same ta, ta laƙe a bayan saiwa inda rana ba ta kaiwa, tsawonta ya fi na mutum. Ta zaro ta ɗungurungum, ba ta bar ko gashi ba. Suka bi wurin da hannu sau uku. Sannan ta fito, Norbert ya lulluɓa mata rigarsa, ta tsaya tana rawar ɗari a gaban tsohon.

"Baba, ga abin da zan yi. Ruwan nan duka naka ne, ta raga biyu zai bi, ni zan riƙa wanke su da kaina har ya ƙare. Nawa tafkin kuma ba zan karɓi ruwan tafkin tudu in mayar ba. Ya wuce maka kai tsaye ta gefen nawa. Baɗi a bushe zan bar nawa, in nome shi."

"Saura shekara guda lokacinsa ya yi. Kifin shekara ɗaya za ki zubar?"

"Tan huɗu ko biyar. Na lissafa. In akwai iri a taɓon, garma da rana su ji da shi, ba kai ba."

Tsohon ya juya ya kama hanyar ƙofarsa da ɗingishinsa, Odile ta sake ɗaga tata. Sau ashirin ya tsoma rariya, sau ashirin ta fito da ruwa zalla. Sai ya jingine sandar, ya tofa yawu a tafin hannu, ya kama ƙarfen ƙofa. Ƙofar ta ƙi motsi, shekara guda ba a taɓa ta ba.

"Kai Norbert! Zo nan ka yi abin kirki ko sau ɗaya a shekarar nan!"

Su biyu suka murɗa, ƙofa ta yi ƙara ta ɗaga. Ruwa ya shiga a hankali, ya bi kunya-kunya tsakanin kututturan masara, busasshiyar ƙasa tana sha tana ƙyalli. Odile ta tsaya a kan madatsa, hannu a aljihun rigar mijinta, tana auna filin da ido. Ta ce kafin Kirsimeti zai kai gindin bishiyoyin can, tsohon ya ce ƙarya ne, sai sabuwar shekara. Ita ta ci.

Da suka ja taru a tafkinta, tan huɗu da kilo ɗari biyu aka auna. A watan Maris Baba Aimé ya zuba 'ya'yan kifi a nasa, a makon ne kuma Odile ta hau tarakta ta shiga nata da garma.