A Zauren Kansila

Shekarar da sojoji suka koma bariki na samu gurbin karatu a jami'a, amma murnar ba ta kwana biyu ba. Kuɗin rajista ya fi ƙarfin gidanmu. Babana ɗinki yake yi a Ƙofar Guga, da keken da ya girme ni.

Na bi duk hanyar da aka nuna mini. A ofishin tallafin karatu na jiha aka ce sai na yi rajista tukuna za a duba ni, wato sai na haye sannan a miƙo mini hannu. Kawuna ya ce in jira kaka ya sayar da gero, alhali rajista ba ta san kaka ba. Ko gaishe ni aka yi da "yaushe tafiya?" sai in sauya magana.

Saura hanya ɗaya: sabon kansilanmu, wanda aka ce yana tura sunayen ɗalibai ƙaramar hukuma a biya musu. Matsalar ita ce Baba. Lokacin kamfe babu majalisar da bai zauna ya ce yaron nan ko akuya ba zai ba shi kiwo ba, balle unguwa. Kuma Baba ba ya magana a hankali. Har masu shayi sun haddace.

Ban roƙe shi ba, don na san halinsa. Amma ranar wata Asabar sai na ga ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya ce, "Tashi mu tahi."

Zauren kansila cike yake da iyaye da 'ya'yansu. Muka raɓe bakin ƙofa, ina ta addu'a kada wani ya tayar da maganar akuya, kada kuma Baba ya buɗe baki. Da kansilan ya fito, sai ga shi sa'an yayana ne, tare suka yi firamare. Baba ya tuɓe takalmi, ya durƙusa har ƙasa a gaban jama'a.

"Ranka shi daɗe, ɗanka na kawo maka."

Kansilan ya daɗe yana kallonsa. Can ya ce, "Haba Baba, mi ya yi zahi? Tashi don Allah." Ya tambayi sunana, ya ce in dawo Litinin, an gama.

Na zaci zan yi tsalle, amma kunya da tausayi suka hana ni. Muka taho, Baba yana gaba ina baya. Sai da muka kusa gida ya tsaya ya kakkaɓe gwiwar wandonsa sosai, bai dube ni ba.

"Ka yi karatu," ya ce. "Kuma kar ka hwaɗa ma uwarka yadda aka yi."