Motar Hamma Buba da Ba a Taɓa Turawa Ba

Makanikan Bolari sun ce ba zai yiwu ba. Direbobin tasha sun ce ba zai yiwu ba. Ni kaina, da nake taƙama na yi karatu a hannun malaman da ba sa wasa, har na san dalilin da ya sa inji yake juyawa, na ce ba zai yiwu ba, kuma na faɗa da Ingilishi don maganar ta ƙara nauyi. Abin da muka haɗu a kai shi ne, motar da ba ta da kik ba za ta yi wata guda tana aikin ƙarfi a ƙasar Gombe ba tare da an tura ta ba. Hamma Buba ya saurare mu ɗaya bayan ɗaya, yana sakace, sannan ya shafe kusan shekara ashirin yana ƙaryata mu.

Ku da kuka san shi ba ku bukatar gabatarwa, amma saboda jikoki zan yi. Hamma Buba ɗan kawuna ne, wato taubashina, ya girme ni da 'yan shekaru, kuma bai taɓa bari na manta da ko ɗaya daga cikin biyun ba. A shekarar da aka sami mulkin kai ya sayi wata tsohuwar akori-kura mai ruwan toka a hannun wani Baturen auduga da zai koma gida. Ba ta yi shekara a hannunsa ba kik ɗinta ya mutu. Kik shi ne ɗan injin da ke juya babban inji idan direba ya murɗa makulli. Idan ya mutu, ko dai mutane su tura motar, ko a sake ta a gangare ta mirgino da kanta, direba ya saki kuloci ta kama. Akwai hanya ta uku, wato ƙarfen nan da ake wana inji da shi ta gaba, amma wannan ya taɓa bugun Hamma a wuyan hannu, washegari ya kai shi maƙera aka mayar da shi fartanya.

Makanikensa wani Inyamuri ne a Bolari, Oga Emeka, wanda Hausa ta zauna a bakinsa fiye da wasunmu. Shi ya aika Jos a kawo sabon kik. Kayan suka yi wata uku a hanya. A cikin watannin nan Hamma ya koyi kowane gangare da ke garin nan, ya san wanda ke ta da mota da sanyin safiya da wanda sai inji ya yi zafi. Ina garejin ranar da kik ya iso.

"Buba, ga kayanka sun zo."

"Waɗanne kaya?"

"Kik ɗin da ka sa ni na aika Jos."

"Ai wancan Buban ne ya sa ka, wanda bai san gari ba. Allah ya kafa Gombe a kan gangare bai karɓi ko kwabo ba, ni kuma in je in sayi abin da gangare ke yi kyauta?"

Oga Emeka ya goge hannu da tsumma ya ce, "Wata rana sai an tura ka. Ni zan fara sa hannu."

Nan ne Hamma ya dafa motar a gaban mutane cike da gareji, ya ce, "Wannan uwar ɗakina ce, ita ke ciyar da gidana, kuma ba a tura uwar ɗaki. Ranar da hannun ɗan'adam ya tura ta, da izinina ko ba da izinina ba, wallahi na ajiye tuƙi, in koma ƙauye in bi shanu."

Muka yi dariya, amma mun san mutuminmu. Idan ya rantse, ya rantse. Ba shi da wata sana'a sai tuƙi, ga iyali cike da gida, kuma duk dangi sun san shi ne Bafulatani ɗaya tilo a zuriyarmu da ke tsoron saniya.

Kada wani ya ɗauka sakaci ne ya hana shi gyara. Ban taɓa ganin mai kula da mota irinsa ba. Kowace safiya sai ya kara sanda a jikin inji, ya kara ɗaya bakin a kunnensa, ya saurara kamar likita. Baƙin mai bai taɓa tsufa a cikinta ba. Ita kuwa ba ta huta ba: da kaka auduga da gyaɗa daga Dukku da Kumo, da rani gangunan ruwa zuwa unguwannin da rijiyoyinsu suka ƙafe, da damina duk abin da ya samu, har da amare da gadajensu. Sai dai yana da nasa tsarin magani. Sifirin ya karye a hanyar Bajoga, ya ɗaure shi da ƙirin fata ya iso gida da lodi. Bel ɗin fanka ya tsinke, ya sa baduku ya ɗinka masa wani. Wata rana ya ɗauko ni daga Kumo, muna cikin tafiya na ji ƙamshin da bai kamata a ji a mota ba.

Na ce, "Hamma, me ke tafasa?"

"Miya."

"Wace irin miya?"

"Lagireto ke yoyo, na zuba mata kuka. Kai, Hedimasta, in cikinka ya ɓaci me ake dama maka?"

Yoyon ya tsaya. Da muka ba Oga Emeka labari, sai ya buɗe lagireton ya shinshina ya ce saura daddawa.

Zumunci ma da gangare yake auna shi. Lokacin da aka ba ni gidan hedimasta a Pantami, a wani fili shimfiɗaɗɗe, ya zo sunan 'yata ta fari ya bar inji yana aiki a ƙofar gida, hayaƙi yana shiga wa malamai ido.

"Allah ya raya. Ba zan zauna ba, gidanka ba shi da tarbiyya."

"Gida ne ba shi da tarbiyya?"

"Gidan da baƙo ba zai iya kashe mota ba? Duk karatun nan naka ba ka iya zaɓen wurin zama ba."

Akwai kuma wani dattijo Bakatsine, mai sayar da goro, wanda ƙofar gidansa ke kan gangaren da ya fi kowanne kyau a garin nan. Hamma ya shekara goma yana ziyartarsa kusan kullum. Har dattijon ya koma ga Allah yana cewa bai san abin da ya yi wa bawan Allahn nan yake ƙaunarsa haka ba. Babu wanda ya sami ƙarfin zuciyar gaya masa.

Da ƙasa ta rikice, Oga Emeka ya kwashi iyalinsa ya tafi gida. Hamma ne ya fitar da su gari a bayan motar nan, sannan ya kwashe kayan aikin garejin ya kulle a ɗakinsa. Shekaru suka wuce ba labari. Bayan an gama yaƙin basasa, wata yamma muna zaune a ƙofar gidan Hamma a Tudun Wada, sai ga wani ramammen mutum mai furfura ya tsaya a kanmu. Bai yi sallama ba, bai tambayi lafiyar kowa ba. Ya dubi motar, ya dubi Hamma.

"An tura ta?"

"Ba a tura ba."

"To ba komai. Ai na dawo."

Sai a lokacin suka rungumi juna, mu kuma muka sami abin kallo a wani gefen.

Abin da yaƙi da hanyoyin daji suka kasa, arzikin man fetur ya kusa yi. Kuɗi suka shigo ƙasa, masinja ya sayi babur, akawu ya sayi mota, 'yan kwangila suka cika gari da gireda. Hamma ya tafi Nafaɗa ɗauko wake ya kwana biyu. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya dawo, ya tarar an bi layinsu da gireda za a zuba kwalta. Gangaren da ke ƙofar gidansa, wanda ya ta da uwar ɗaki kowace safiya tun tana da sauran fenti, an yanke kansa an cike gindinsa. Layin ya kwanta sumul kamar tabarmar masallaci.

Labari ya riga shi isowa. Ni da kaina na zo daga Pantami cikin farar rigar Juma'a, ba zan ce don in yi jaje ba. Oga Emeka ya rufe gareji ya zo, ya naɗe hannun riga ya tsaya a bayan mota. Hamma yana zaune a sitiyari, inji yana aiki, yana duban layin daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

Wani maƙwabci ya ce, "Malam Buba, ka kai ta gangaren gidan mai goro ta riƙa kwana can mana."

"Uwar ɗakina ta kwana a ƙofar wani? Kai matarka a ina take kwana?"

Oga Emeka ya leƙa ta taga ya ce, "Kashe ta, Buba. Gobe ko kik ko turi, duka biyun ina da su."

Hamma bai kashe ba. Ya sa aka sauke wake inji yana aiki, ya jefa shebur a baya, ya nufi ramin da 'yan kwangila ke haƙar jar ƙasa a bayan gari. Ya dawo da lodi, ya juye a filin da ke tsakanin zaurensa da bakin hanya, ya sake komawa. A sawu na uku muka gane abin da yake nufi. Tun da an ɗauke masa gangare, zai gina nasa.

Da aka kira la'asar matsala ta taso, domin injin ya yi zafi, in ba a taka totur ba mutuwa zai yi. Hamma ya duba taron, idonsa ya sauka a kaina.

"Hedimasta, zo. Yau karatunka zai yi amfani. Ɗora ƙafarka nan. In ta mutu, kai za ka bi shanun."

Haka na zauna, ni ɗin da masu duba makarantu ke miƙe wa, da farar riga, a kan kujerar da buhu ne shimfiɗarta, ƙafata a kan totur, iyayen ɗalibaina suna wucewa suna gaishe ni ta taga. Ban taɓa ganin mutum ya yi alwala da natsuwa irin ta ranar ba. Na tabbata har nafila ya ƙara.

Waɗanda suka zo dariya ba su san lokacin da shebur ya shiga hannunsu ba. Wani ya tambayi limamin unguwa ko taya shi ɗiban ƙasa ya shiga cikin rantsuwar. Liman ya ce ɗiban ƙasa daban, turi daban, sannan ya tuɓe rawani ya karɓi kwando. Oga Emeka ya fi kowa gumi. Yana daddaɓe ƙasa da gungume yana cewa aikin banza ne, tudun ya yi gajere, shi dai yana taimakawa ne don kada a ce ba a ba Buba dama ba. Gab da magariba Hamma ya hau tudun da baya, ya sa dutse a ƙafa, ya kashe inji. Unguwa ta yi tsit, har muka ji kukan kaji.

Da safe layin ya cika. Tudun bai fi tsawon motar sau uku ba, injin kuma ya kwana ya yi sanyi. Idan ta sauko ba ta kama ba, za ta tsaya a tsakiyar hanyar da gireda ke zuwa aiki a kai, kuma ko Hamma bai yarda ba, 'yan kwangila za su ture ta gefe. Matarsa tana leƙe ta bakin zaure. Hamma ya fito, ya zagaya motar, ya cire dutsen da hannunsa, ya shiga. Na ga leɓensa yana motsi. Ya saki birki.

Ta mirgino a hankali, ta sauka kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Ya saki kuloci, ta yi tari ɗaya ta yi shiru. Tana ta rage gudu har yaro mai rarrafe zai iya cim mata. Oga Emeka, da ya shekara da shekaru yana jiran wannan rana, sai na gan shi ya mayar da hannuwansa baya ya riƙe ɗaya da ɗaya. Hamma ya sake taka kuloci, ya sake saki a kan ɗan numfashin da ya rage mata. Ta girgiza, ta fesa wa liman baƙin hayaƙi, ta kama.

Bai yi murna ba. Ya leƙo ta taga ya ce wa Oga Emeka, "Sauke hannun rigarka, za ka yi mura." Ya wuce ɗaukar ruwa.

Daga kan tudun nan ta ci gaba da tashi har idon Hamma ya raunana ya ajiye tuƙi da kansa, ba don rantsuwa ta kama shi ba. Ya aurar da 'ya'yansa da guminta, ya je Makka da guminta, bai bi saniya ko ɗaya ba. Ya Allah, ga bawanka Buba ya zo gare ka. Mai taurin kai ne, mu ne shaida, amma bai taɓa faɗin magana ya janye ba, bai taɓa wuce mai kaya a hanya ba. Ka gafarta masa, ka sassauta masa hawa, ka sa ya tarar da hanya a buɗe.

Ina da roƙo ɗaya ga 'ya'yansa. Na ji yaran yanzu suna cewa tudun ƙofar gidanku ragowar ƙasar 'yan kwangila ce da aka manta ba a kwashe ba. Ba haka ba ne, kuma ni da Oga Emeka kaɗai muka rage cikin waɗanda suka ga safiyar nan da idonsu. A rubuta, a ajiye: Asabar ta farko bayan ƙaramar Sallah, a shekarar da kwalta ta shigo Tudun Wada.