Kan Kifin Inna Kulu

Kakarmu Inna Kulu ba ta ba da tatsuniya kyauta. A gidanmu na Argungu, da an yi sallar isha'i sai ta ɗora kifi kan garwashi, mu kuma mu kewaye murhun. Sharaɗinta ɗaya ne: wanda ya gano inda aka yi wauta a labarin, kan kifin nasa ne. Ni mai saurin yarda ne, ban taɓa cin kan nan ba.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta manomin fadama. Kwaɗo ya gaya wa balbela ruwan gulbi na tafe, balbela ta gaya wa akuya, akuya ta gaya wa manomi. Shi kuwa ya ɗau lauje ya yanke shinkafarsa ɗanya. Ruwa bai zo ba.

Na yi wuf na ce, "Inna, ai kwaɗo ba ya magana!"

Ta yi dariya har da tari. "Kai dai baƙin cikin kwaɗo kaka yi. Cikinsu duka, wa yat tahi bakin gulbi yad duba?"

Na daɗe ina mamakin wannan tambaya. Da na zama uba a Birnin Kebbi, na ga 'yata Hadiza ta kai sha biyar, waya ba ta barin hannunta, sai na farfaɗo da wasan. Nakan zaɓo saƙonnin da ake turowa, ita kuma ta binciko wanda ya fara faɗa da wanda ya gani. Ina ji da kaina, wai ni ne malami.

Daminar bara aka turo mini bidiyon ambaliya, wai ta ci Argungu ta nufo Ambursa, inda ƙanena Sani yake da shinkafa saura mako biyu ta nuna. Har na latsa lambarsa in ce ya yanke, sai Hadiza ta leƙo ta kafaɗata.

"Baba, tsaya. Yaushe anka hwara shuka kwakwar manja Argungu?"

Na sake kallo. Ga itatuwan nan reras a bayan ruwan, irin na kudu da ba sa fitowa a ƙasarmu. Kunya ta kama ni. Na kira wani abokina masunci a Argungu, ya ce yana tsaye bakin gulbi, ruwa na inda yake jiya.

Shinkafar Sani ta nuna, ya yanke a kan kari. Ranar na biya kasuwa na sayo kifi, na gasa da hannuna, na miƙa wa Hadiza kan. Shekarata arba'in da shida, har yau ban ci shi ba.